Wai Kwamfuta Ce Ta Yi Birin?

Ranar Asabar da ta wuce na je aski. Mu shida ne a kan benci muna jiran layi, janareta na ta ƙugi a waje, talabijin ɗin da aka maƙale saman madubi kuma tana nuna fim ɗin birran nan na Amurka, Rise of the Planet of the Apes, wanda ya fito a 2011. An zo daidai wurin da mai tsaron gidan birai ya ɗaga sandar lantarki zai zabga wa birin da ake kira Caesar. Biri ya cafke hannun mutumin, ya buɗe baki, ya furta kalmarsa ta farko a duniya: a'a.

Mai aski ya tsaya cak da inji a hannu, ya bar kan wani yaro rabi a aske.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya yi salati, ya ce, "Turawan nan sai a bar su. Yanzu har biri suka koya wa magana?"

Wani matashi da ke latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Haba Baba, ai ba biri ba ne. Kwamfuta ce kawai. Dannawa ake yi ya fito."

Maganar dattijon dariya ta ba ni. Ta matashin ce ta tsaya mini a wuya har na koma gida. Baba bai san yadda aka yi ba, amma idonsa ya gaya masa cewa an sha wahala a wurin. Shi kuwa yaron mai latsa waya ya san rabin gaskiya, rabin nan kuma shi ya ja masa raini.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ina goyon bayan dabbobin da ake ƙerawa a kwamfuta, kuma gara su sau dubu da a ɗauro dabbar dawa a kawo ta gaban kyamara. Amma cewa "kwamfuta ce ta yi" ƙarya ce, kuma irin ƙaryar da ke cinye haƙƙin mutane. A cikin birin nan akwai mutum, bayan mutumin kuma akwai ɗaruruwa.

Mutumin da ke cikin birin

Sunansa Andy Serkis, ɗan wasan Ingila. Da za ka ga yadda aka ɗauki wurin nan da ya tsayar da mai askinmu, da dariya za ka fara yi. Ƙaton mutum ne sanye da matsattsun kaya masu ruwan toka, an lilliƙa masa 'yan ƙananan fitilu a gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa da ƙugu. An yi masa ɗige-ɗige a fuska kamar mai ƙyanda. A kansa akwai hular kwano, an ɗaura mata sanda, a bakin sandar wata 'yar kyamara tana kallon fuskarsa. Idan zai yi tafiya da ƙafa huɗu sai a ba shi wasu gajerun sanduna ya riƙe, don hannun biri ya fi na mutum tsawo.

Kyamarori da dama a kewaye suna bin fitilun nan, suna naɗar duk inda gaɓa ta motsa, kamar yadda ake naɗar murya. Shi ya sa nake kiran abin naɗar motsi. Abin da ke shiga kwamfuta daga nan ba biri ba ne tukuna. Wani ƙwarangwal ne na ɗigo da layi, yana motsi irin na Serkis.

Daga nan aiki ya koma hannun ma'aikatan kamfanin Weta da ke birnin Wellington na ƙasar New Zealand. Wani ya gina ƙashi, wani ya ɗora tsoka, wani fata, wani kuma aikinsa ke nan gashi: yadda yake kwanciya, yadda yake cukurkuɗewa idan ya jiƙe. Akwai masu zama a kan ido kaɗai. Sannan fuskar mutum da ta biri ba ɗaya ba ce. Bakin biri a ture yake, goshinsa daban, leɓensa daban. Idan Serkis ya ɗan cije leɓe don takaici, sai wani ya zauna ya yanke shawarar yadda cije leɓen nan zai zauna a bakin biri ba tare da ya koma abin dariya ba. Hotuna 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa ta fim, kuma kowanne sai an duba shi.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya san tela na kwana a shago idonsa jajur. Ban taɓa jin wanda ya sa rigarsa ranar idi ya ce keke ne ya ɗinka ba.

Shi ma Serkis ba rarrafe kawai ya yi ba. Kafin ya taka gwaggon birin King Kong na 2005, ya yi zaman kallon gwaggon birai a gidan namun dajin Landan, ya kuma tafi Ruwanda ya gan su a dawarsu, yadda suke zama, yadda suke gargaɗi, yadda babba ke kau da kai idan ya ƙosa. Abin da dattijon nan ya gani a talabijin har ya yi salati, wannan zaman kallon na ciki.

"To ai yaudara ce"

Wannan ce ta farko da ake faɗa mini, kuma ba ta da nauyi. Fim tun asalinsa siddabaru ne. King Kong na farko, na 1933, 'yar tsana ce da ba ta kai kamu biyu ba, ana motsa ta da hannu kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Birran fim ɗin Planet of the Apes na farko, na 1968, mutane ne da aka liƙa wa fuskar roba. Ba wanda ya nemi a mayar masa da kuɗin tikiti.

Mu ma da dabbobi masu magana muka tashi. Kakata in tana tatsuniya takan buɗe murya ta yi kura, ta maƙale ta yi tsamin bakin Gizo, mu kuma muna ƙanƙame juna a kan tabarma. In ta gama ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Kowa ya san wasan. Yaudara ita ce a nuna maka na bogi a rantse maka na gaske ne, su kuwa masu fim har bidiyon yadda suka yi suke saki.

"Dabbar gaske ta fi kyau"

Nan ne gardamar take da nama, don haka zan ɗan zauna.

Ina yaro, ranar kasuwa, na ga wasan kura. Har yau ina jin ƙarar akayau a ƙafar gardi. Ga makaɗa, ga layu a ƙugu, ga ƙatuwar sarƙa, ga kura da takunkumi a baki, miyau na zuba. Takan yi kukan kura ta yo kan jama'a, mu watse da ihu, gardi ya fizgo sarƙa, ya daka mata kulki, ta koma ta lafe. Mun ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba. Sai da na girma na tuna abin da idona ya gani ban kula ba: wuyanta, inda sarƙar ke zama, babu gashi.

Ban kawo wannan don in zagi gardawa ba. Sana'a ce ta gado, da ita suke ci da iyali. Na kawo ne don duk wanda ya ga wasan kura ya riga ya san amsar wata tambaya: ta yaya ake sa dabbar dawa ta yi abin da ba halinta ba, a lokacin da ake so, a maimaita har sau goma in darakta bai gamsu ba?

Hollywood na da nata kulkin. Wajen ɗaukar fim ɗin Jesse James da ya fito a 1939, an tunkuɗa doki daga saman dutse ya faɗa ruwa, dokin ya mutu. Surutun da aka yi ne ya sa ƙungiyar American Humane ta fara sa ido a wuraren ɗaukar fim, ita ce mai rubutun nan na ƙarshen fim da ke cewa ba a cutar da dabba ba. Amma rubutun bai kashe matsalar ba. A 2012 tashar HBO ta dakatar da shirinta na tseren dawaki mai suna Luck bayan dawaki uku sun mutu. A shekarar dai, masu kula da dabbobin fim ɗin The Hobbit suka fito suka ce dabbobi 27 sun mutu a gonar da ake ajiye su.

Mutane ma ba su tsira ba. Fim ɗin Roar na 1981 da zakuna da damisoshi na gaske aka yi shi, ba keji ba shinge. Aƙalla mutum 70 suka ji rauni. Mai ɗaukar hoton, Jan de Bont, zaki ya ɗaye masa fatar kai, sai da aka yi masa ɗinki sama da ɗari.

Na birai ya fi taɓa ni. Birin cimfanzin da kake gani a tsofaffin fina-finai da tallace-tallace sanye da riga yana washe haƙora, yawanci ɗan ƙarami ne da aka raba da uwarsa. Washe haƙoran nan da muke ɗauka dariya ce, a wurin cimfanzi alamar tsoro ce. Da ya kai shekara bakwai ko takwas ƙarfinsa ya fi ƙarfin mai horar da shi, aiki ya ƙare, alhali yana iya rayuwa shekara hamsin. Sauran shekarun a keji zai yi su. Fim ɗin da muka kalla a shagon aski cike yake da birai, har suna tare gadar motoci, amma ko biri ɗaya na gaske ba a sa ba.

Masu kallon fim ɗin Indiya ma sun ga sauyin. Tun 1998 Indiya ta haramta wasa da zaki da damisa da biri da beyar. Shi ya sa dabbobin nan da suka yi tsalle daga mota a RRR na 2022, wurin da samari ke ta mayarwa baya suna sake kallo, duk ƙerarru ne.

To ko da a ce dabbar gaske ta fi kyau a ido, nawa kyan ya ci, kuma wa ya biya?

Inda masu suka suka yi gaskiya

Akwai lokacin da dabbar kwamfuta ke fitowa kamar gawa mai tafiya. Ba zan musa ba, don na zauna na kalli The Lion King na 2019.

Ta fuskar ƙira, abin ba a cewa komai. Kowane gashi, kowace ƙura, kowane dutse, in ka cire hoto ɗaya na fitowar rana a farkon fim, duk a kwamfuta aka gina su. Amma je ka wurin da ɗan zaki ya tarar da ubansa a mace. Murya na kuka, fuska kuwa kamar kyanwar da ke jiran a zubo mata ƙashin kifi. A The Lion King na farko, na zane, wanda ya fito a 1994, wurin nan ya sa manya share hawaye.

Dalilin ba boyayye ba ne. Darakta Jon Favreau ya zaɓi zakunan su yi kama da na shirin namun daji, ba a ɗora motsin fuskar 'yan wasa a kansu ba. Zaki na gaske kuwa ba ya ɗaga gira, ba ya karyar da baki don baƙin ciki. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zuba mugunta a muryar Scar, mugun zakin fim ɗin, fuskar ba ta karɓa ba. Wato inda aka rage mutum a cikin dabbar, nan ta mutu. Sukar nan ni take ƙarfafa wa gwiwa, ba yaron shagon aski ba. Sai dai fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.6, don haka kada wanda ya sa ran za su daina.

Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen. A The Call of the Wild na 2020, wani gwanin motsa jiki mai suna Terry Notary ne ya yi ta rarrafe kusa da Harrison Ford a matsayin kare, daga baya aka ɗora karen a kansa. Karen ya fito yana zare ido yana ɗage gira kamar mai neman bashi. Ba mu san gwaggon biri sosai ba, za a iya yi mana dabara. Kare kuwa kullum muna tare da shi a lungu, ido ba ya karɓa. Kare da doki dabbobin gida ne, ana iya horar da su da lallashi da ɗan abinci. A nan ni ma na fi son na gaske, muddin ba wurin haɗari ba ne.

To wa ya kamata a yaba?

Serkis ya taɓa kwatanta aikin masu kwamfuta da kwalliya, wato shi ya yi wasan, su shafa kawai suka yi a kai. Maganar ta ɓata wa masu zanen motsi rai ƙwarai, kuma ina ganin suna da hujja. Mai kwalliya ba ya sake gina ƙashin fuskar amarya. Sau da yawa sukan gyara motsin da aka naɗa, wani wurin ma su yi shi da hannu daga farko, musamman tsalle da hawan bishiyar da ɗan Adam ba zai iya ba.

Amma na fahimci abin da ke cin sa. Ya yi Gollum, wata halitta a fim ɗin The Lord of the Rings, ya yi Kong, ya yi Caesar sau uku, a 2011 da 2014 da 2017, ko sau ɗaya sunansa bai shiga jerin 'yan wasan da ke takarar Oscar ba. Masu zaɓe ba su ga fuskarsa ba, sai suka yi tunani irin na yaron nan. Shi kuma garin kare kansa ya taka na ƙasa da shi.

A The Revenant na 2015, kokawa da beyar ita ce abin da kowa ke tunawa. Leonardo DiCaprio ya ɗauki Oscar. Wani mai suna Glenn Ennis, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa shuɗin kaya suka yi ta jan sa a ƙasa a matsayin beyar, sai ka bincika kafin ka ji sunansa.

Labarin da ya fi ci mini rai shi ne na Life of Pi, fim ɗin yaron da ya maƙale a kwale-kwale da damisa a tsakiyar teku. Yawancin damisar nan kamfanin Rhythm & Hues ne ya ƙera ta. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600. A watan Fabrairun 2013, ƙasa da mako biyu kafin bikin Oscar, kamfanin ya bayyana cewa ya karye, ya sallami ma'aikata sama da 200. Ranar bikin aka ba su kyautar siddabarun hoto. Jagoransu Bill Westenhofer ya hau dandamali, yana fara ambaton halin da kamfanin ke ciki aka saki kiɗa, aka kashe masa makirufo. A waje kuma abokan aikinsa ne ke zanga-zanga. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Yadda ake karya su sananne ne. Kamfanonin siddabaru kan yi takarar kwangila a kan farashi tsayayye. Darakta ya sauya ra'ayi sau biyar, a sake damisa sau biyar, kuɗi na nan yadda yake. In fim ya yi kasuwa ba su da kaso. Sannan manyan kamfanonin fim na bin ƙasashen da ke ba da rangwamen haraji, irin su Kanada da Birtaniya, ma'aikaci ya yi ta yawo da jaka kamar ɗan cirani. Kamfanin Technicolor, uwar kamfanin MPC da ya ƙera zakunan The Lion King na 2019, ita ma ta durƙushe a farkon 2025.

Abin da ke sa a iya yi wa mutum haka ba tare da kowa ya ce uffan ba shi ne a yarda cewa ba shi ya yi aikin ba. Wa zai yi wa kwamfuta zanga-zanga?

"Ai yanzu da gaske dannawa ake yi"

Wani zai ce zamani ya wuce ni, ga ƙirƙirarriyar basira, ka rubuta mata zaki na shan shayi a tasha ta fitar maka cikin minti ɗaya. Haka ne, ni ma ana turo mini irinsu a WhatsApp, wasu har da rantsuwar cewa a garinsu abin ya faru. A nan yaron ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda nake so.

Amma a ina na'urar ta koyi tafiyar zaki? Daga hotuna da bidiyon da mutane suka ɗauka, da zanen da mutane suka yi, galibi ba tare da an tambaye su ba. Yana cikin abin da ya sa 'yan wasan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 118 a 2023: kada a naɗi jikin mutum da fuskarsa yau, a biya shi kuɗin yini ɗaya, a ci gaba da juya su har abada. A shekarar ne kuma ma'aikatan siddabaru na kamfanin Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago. Zakin minti ɗaya kuma daban, biri da zai riƙe ka awa biyu har ka ji tausayinsa daban. Na biyun har yanzu sai da wani ya durƙusa a kan sanduna.

Da layi ya zo kaina fim ya zo ƙarshe, mai aski ya ɗauki rimot zai sauya tasha. Na ce, "Oga, don Allah bar shi ya ɗan tafi."

Ya ce, "Yallaɓai, ai ya ƙare, rubutu ne kawai."

Na ce a bar rubutun. Na juya wurin matashin na ce, "Ƙanena, in ka ga sunan Weta ya fito, fara ƙirga mini sunayen da ke ƙarƙashinsa."

Ya ajiye waya, ya matso kusa da talabijin yana bi da yatsa. Sunayen na hawa sama layi-layi, sun fi bakinsa sauri. Ya kai wajen sittin ya rikice, ya sake farawa daga inda idonsa ya kama, ya sake rikicewa. Dattijon ya tambaye shi ko duk waɗannan su ne masu kiwon birin.

Ya ce, "Kusan haka ne, Baba."